ABIN DA YA KORO GIWA TA FAƊA GONA

Wannan ita ce laccar da aka yi wa 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa a kan canjin yanayi da halin da namun daji suke ciki. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.



Maganar da zan yi muku yau ta namun daji ce da tsuntsaye da kifaye, da yadda canjin yanayi ya rikita musu zama. Na san akwai wanda zai ce a ransa, mu da muke fama da tsadar hatsi da kuɗin rumfa, ina ruwanmu da abin da ya sami giwa? To, ina roƙonsa ya ba ni hankalinsa kaɗan. Bandar da mai kifi ke kasawa daga tafki ta fito. Dawar da ɗan sari ke aunawa sai da ta tsira daga bakin fara da jan baki sa'an nan ta shiga buhu. Abin da ya taɓa daji bana, kafin shekara ta kewayo ya iso kasuwa, kuma talaka ne farkon wanda zai ji shi a aljihunsa.

MENE NE CANJIN YANAYI?

Bari mu fara daga tushe. Tun da Turawa suka kafa manyan masana'antu, yau fiye da shekara 150, ake ta ƙona kwal da man fetur da gas dare da rana. Duk abin da aka ƙona yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, ana ce da ita iskar kabon. Ita wannan iska ta kan taru a sama ta lulluɓe duniya kamar bargo, zafin rana ya shigo amma fitarsa ta yi wuya. Yawanta a sama ya ƙaru da kusan rabin abin da yake a dā. Saboda haka duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya, shekarar 2024 kuwa ta fi duk shekarun da aka auna kafinta zafi. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Wani zai ce digiri ɗaya ai ba kome ba ne. To, ya tuna da zazzaɓi. Digiri ɗaya ko biyu ne tsakanin mai lafiya da wanda ke kwance yana rawar ɗari. Idan duniya ta yi zafi, teku ya kan yi zafi, iskar da ke ɗauko mana hadari daga teku kuma ta sake hali. Damina ta makara, ko ta ɗauke da wuri, ko kuwa ruwan wata guda ya zubo cikin dare ɗaya. Masu bincike sun duba hotunan hadari na ƙasashen Sahel tun daga 1982, suka tarar hadari mai tsananin ƙarfi ya ninka sau uku cikin shekara 35.

DABBA BA TA DA KALANDA

Mutum yana da kalanda da rediyo. Dabba kuwa da ruwa da zafi da tsawon yini take lissafin lokacinta: yaushe za ta yi ƙaura, yaushe za ta yi ƙwai, ina za ta sami abinci. Kowa a nan ya san shamuwa. Da rani tana can gabashi da kudancin Afirka, sai an kusa saukar damina ta iso ta yi sheƙa a bishiyar gari, domin a lokacin ne fara da tsutsa ke yawa, ta sami abin ciyar da 'ya'yanta. Zuwanta da zuwan abincinta a ɗaure suke da igiya ɗaya. To, canjin yanayi wannan igiyar yake tsinkawa.

Ga misali. Akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari, mai kamun ƙudaje, wanda ke zuwa nan Afirka ta Yamma idan sanyi ya sauka a Turai, ya koma can ya yi ƙwai idan sanyi ya wuce. A ƙasar Holan, 'ya'yansa da tsutsar sabon ganye suke rayuwa, tsutsar kuwa 'yan makonni kaɗan take yi ta wuce. Da ƙasar ta ƙara ɗumi, sai itatuwa suka riƙa toho da wuri, tsutsa ta fito da wuri. Shi kuwa tsuntsu yana nan wajenmu, ba wanda ya aika masa da labari, ya tashi a lokacin da kakanninsa ke tashi. Kafin ƙwansa ya ƙyanƙyashe kasuwa ta watse. A dazuzzukan da tsutsa ta fi saurin fitowa, yawan tsuntsun nan ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 1987 da 2003. Ku 'yan kasuwa kun san abin da ke samun wanda ya kawo raguna kwana biyu bayan Sallah.

Wani tsuntsun kuma a nan wajenmu abin ya same shi. Ɗan ƙarami ne mai farin maƙogwaro, bai kai gwara nauyi ba. Ya kan yi rani a ƙasashen Sahel, har da bakin Tafkin Chadi, inda yake cin 'ya'yan itacen asuwaki da ƙwari ya yi kitse, domin kitsen nan shi ne guzurinsa na ƙetare Sahara. A 1968 damina ta gaza a Sahel. Da bazarar 1969 ta yi, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wajen kashi 70 cikin 100 na tsuntsun nan bai komo ba, har yau kuma yawansa bai koma yadda yake ba. Ku lura da shekarar. Babbar yunwar da ta karkashe shanu ta kori mutane daga gidajensu a Nijar da Mali da Chadi da arewacin Nijeriya sai 1973 duniya ta farga da ita. Ashe tsuntsu ya riga ya ba da labari shekara huɗu kafin haka, ba a dai saurare shi ba.

Akwai kuma waɗanda suka daina tafiyar ɗungum. Farar shamuwa ta Turai a dā Afirka take tahowa kowace shekara. Yanzu da sanyin can ya yi sauƙi, ga kuma manyan jujin birane cike da abinci, da yawa sun zauna. A ƙasar Fotugal waɗanda ke zama ba su yin ƙaura sun tashi daga kimanin 1,000 a 1995 zuwa kimanin 14,000 a 2015. Tsuntsuwar nan kuwa fara take ci idan ta zo. Duk wadda ta zauna a juji can, an rage wa manomin nan ɗan ƙodago guda wanda ba ya karɓar lada.

ZAFI DA KANSA

Ban da rikicewar lokaci, zafin da kansa yana kisa. Kun san cilakowa, kun san kuma al'adarta: macen ta kan shiga kogon itace ta liƙe ƙofa, ta bar 'yar kafa, namiji ya riƙa kawo mata abinci har 'ya'ya su girma. Akwai 'yar'uwarta mai rawayan baki a hamadar Kalahari, can kudancin Afirka, wadda masu bincike suka bi daga 2008 zuwa 2019. Idan rana ta ƙwalle, namiji ya kan koma inuwa yana haki ya kasa neman abinci, macen da 'ya'ya kuma suna cikin kogo suna ramewa. Da farko, cikin sheƙa 100, 58 ne ke fitar da 'ya'ya. Kafin ƙarshen binciken sun koma 17. Ba maharbi, ba gatari, zafi kaɗai.

INA RUWA YA TAFI?

Yanzu mu dawo gida, ga maganar ruwa, domin nan ne abin ya fi taɓa mu. Farin da ya fara a 1968 ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984. Masana sun gano canjin zafin ruwan teku ne babban dalilinsa, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka kuma yana da hannu a ciki.

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. A 1973 ya rabu biyu, cikin shekarun 1980 kuwa abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Daga baya ruwa ya ɗan komo, yana hawa yana sauka, amma kifayen sun riga sun sake. Waɗanda ke son ruwa mai zurfi, da waɗanda ke bin ambaliya su hau kogi su yi ƙwai, suka ragu ƙwarai. Tarwaɗa da karfasa, masu jure wa taɓo da ruwa maras iska, su suka gaji wurin. Tsofaffin dillalan banda da suka yi safara daga Baga zuwa kudu sun ga wannan canji a cikin kwandunansu tun kafin a rubuta shi a littafi.

Kudu da tafkin, a arewacin Kamaru, akwai gandun dajin Waza, dab da iyakar Barno. Kowace shekara kogin Logon ya kan yi ambaliya ya shafe fadamun wurin, idan ruwa ya janye ciyawa ta tsiro, namun daji da shanun makiyaya su ci har rani ya fita. A 1979, ana tsakiyar shekarun fari, aka gina madatsar ruwa a Maga domin noman shinkafa, aka tare ambaliyar. Fari daga sama, madatsa daga ƙasa, ga kuma annobar bushiya da ta biyo baya. Maraya, wadda a dā ake ƙiyasta ta kai 20,000 a Waza, ta koma wajen 2,000.

Giwa kuwa ba ta tsaya mutuwa ba, tafiya ta yi. Babbar giwa tana shan ruwa kusan duro guda a yini. Da fadama ta bushe, garken giwaye suka riƙa fita daga gandun suna bin ruwa da abinci, suna faɗa wa gonakin dawa, wani lokaci har su ƙetaro cikin Barno. Manomin da ya kwana da gona ya wayi gari da fili, wa zai ce masa kada ya yi fushi? Amma Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Giwar da ta bar daji ta tunkari mutane da harbi da ihu, ƙishirwa ce ta koro ta. Ita da manomin abu ɗaya ne ya ci su, sa'an nan aka bar su suna faɗa da juna.

Inda ba hanyar tafiya kuwa, sai mutuwa. A ƙasar Kenya, bayan damina ta gaza sau da yawa a jere, hukuma ta ƙidaya giwaye 205 da fari ya kashe tsakanin Fabrairu da Oktoba na 2022, ban da jakunan dawa 381.

WAƊANDA SUKA CI RIBA

Kada ku zaci kowace halitta ce ke hasara. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma abin baƙin ciki shi ne waɗanda suka fi iya sabuwar rawar su ne abokan gāban manomi. A 2018 guguwar teku biyu, ɗaya a Mayu ɗaya a Oktoba, suka zubar da ruwa mai yawa a hamadar kudancin ƙasar Larabawa, inda ruwa ba ya cika sauka. Ciyawa ta tsiro, fara ta yi ta haihuwa ba mai gani. Daga nan ta bi ta Yaman ta ƙetare teku, a ƙarshen 2019 da farkon 2020 ta rufe Somaliya da Habasha da Kenya. Kenya ta yi shekara 70 ba ta ga irinta ba. Garken fara mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana cinye abincin mutum 35,000 a yini guda. Ku lissafa abin da wannan zai yi wa kuɗin mudu.

Jan baki ma haka. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai dubbai ke sauka da rani tare da dinya da kirinjijiyarmu, fari ya rage ambaliya, sa'an nan aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi da damina ya janye da rani, sai ya koma yana tsiyaya kaɗan kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa shi ciyawar kachalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin jan baki, daga nan yake tashi ya faɗa wa shinkafa da gero.

DABBA TA KAN TSIRA IN AN BAR MATA HANYA

To jama'a, ga abin da nake so ku riƙe daga dukkan wannan magana. Namun daji sun san fari tun kafin mu. Dabararsu ita ce su tashi su bi ruwa, su fake a fadama, su ci ganyen itacen da ba ya zubar da ganye da rani. Abin da ke gama da su shi ne fari ya zo ya tarar an tare ruwan, an sare itacen, an toshe hanyar. Inda aka buɗe musu kuwa, su kan farfaɗo, kuma akwai shaida.

A Waza ɗin nan, a 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ambaliya ta koma wani sashe na fadamar. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta komo, kifi ya komo, tsuntsayen ruwa suka ƙaru, masunta da makiyaya suka koma sana'arsu.

A ƙasar Nijar, fari da farauta sun kusa ƙarar da raƙumin dawa na Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya, a wajen Kure, gabas da Yamai. Da damina suna kan tudu, da rani su gangara Dallol Boso su ci ganyen gawo. Aka hana harbinsu, aka sa mutanen ƙauyukan cikin aikin tsaronsu, suna samun abin hannu daga baƙi masu zuwa kallo. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki guda 8 aka mai da su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace wajen shekara 50 da suka wuce.

Itacen ma talakawa ne suka komo da shi. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon su tumɓuke. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi ta wannan hanya a kan hekta miliyan 5. Ba injiniya, ba kwangila.

ABIN DA YA KAMATA MU NEMA

Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Mai tallan goro da mai jaki ba su suka ɗumama duniya ba, amma su ake kawo wa takardar biya. A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 domin taimakon ƙasashe matalauta, ba su cika ba sai 2022. Muna da hakkin mu tambaye su, muna kuma da hakkin mu tambayi namu shugabannin, abin da ya shigo ina ya tsaya?

Na farko, duk inda aka gina madatsa, tilas a riƙa sakin ruwa a lokacin ambaliya gwargwadon abin da zai raya fadamun da ke ƙasa, a kuma zauna da masunta da manoma da makiyaya kafin a yanke lokacin. Ruwan kogi na kowa ne, har da wanda ke ƙarshen kogin.

Na biyu, manomin da giwa ko dorina ta cinye wa gona a biya shi diyya da sauri, ba tare da ya yi ta zarya ofis ba. Wanda aka bari da hasara shi kaɗai, gobe da guba zai kwana.

Na uku, dokar daji ta hau kan kowa daidai. Ba adalci ba ne a kama tsohuwa da ɗaurin ƙirare, motar gawayi kuwa ta wuce an ɗaga mata hannu.

Na huɗu namu ne, mu da ke wannan wuri. Ku masu sayen kifi, ku ƙi wanda aka kashe da maganin ƙwari, ku ƙi 'yan ƙanana da aka tace da raga mai ƙananan ido, domin wanda ya sayar da 'ya'yan kifi bana ya sayar da jarinsa na baɗi. Ku manoma, ku bar gawo a gona, ku bar burtali da mashaya a buɗe. Ku dattawa, ku riƙa lura da ranar da shamuwa ta sauka da ranar da aka yi ruwan shuka, ku sa yara 'yan makaranta su rubuta kowace shekara. Garin da ke da irin wannan littafi ba a yi masa gardama idan ya je gaban hukuma.

Masu magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da za a sakar wa fadama shi maraya za ta sha, shi kifi zai yi ƙwai a ciki, shi kuma zai sauko da kuɗin banda da na shinkafa a rumfunanku. Saboda haka idan masu neman ƙuri'a suka zo, ku tambaye su maganar madatsa da maganar diyya kafin su hau mota.

 Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu.